Harsashin da Aka Daina Ƙerawa: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da suka taru a wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi: tsoffin harsasai, kwanson da aka tono a gona, bindigar gado da ba a samun abin da take ci, da yadda masu sha'awar tarihi a Ingila da Amurka suke dawo da harsashin da masana'anta ta daina yi tun da daɗewa. Mun taƙaita tambayoyin, mun cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya daga Bajoga, Jihar Gombe: Ina noma kusa da Burmi sai fartanya ta tono wani kwanson tagulla. A gindinsa akwai K, da 1941, da VII. Dattawa sun ce na yaƙin Sarkin Musulmi Attahiru ne. Haka ne?

Malam, dattawa sun yi kusa, amma kwanson da kansa ya faɗi shekarunsa. Yaƙin Burmi na ƙarshe an yi shi ne ranar 27 ga Yuli, 1903, kwansonka kuwa na 1941 ne. K ɗin nan na nufin kamfanin Kynoch da ke Birmingham, VII kuma zubi na bakwai ne na harsashin .303 na Ingila, wanda bai fito ba sai 1910. Ko da shekarar ta goge, VII kaɗai ta isa ta raba shi da Burmi. Harsashin .303 na zamanin Burmi kansa dunƙulalle ne, ba tsini gare shi ba, kuma a lokacin ba a fara buga shekara a gindin kwanso ba. Abin da za ka gani shi ne harafin masana'anta, da lambar zubi, sau da yawa da C mai nuna an cika shi da albarushin kodayit.

Ba abin mamaki ba ne a tono .303 a ko'ina a Arewa. Sojoji da 'yan sanda sun daɗe suna riƙe da bindigar Lee-Enfield, wadda ake ce wa Mak 4, har bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

In rubutun gindi ya ci, awo ne zai yi magana. A nemi ma'aunin nan mai baki biyu na masu gyaran inji. Kwanson .303 tsawonsa milimita 56 da ɗoriya, yana da leɓe a gindi wanda ya fi jikinsa faɗi, wajen milimita 13.7. In ka ga tsawo 51 kuma babu leɓe, sai tsagi zagaye da gindin, wannan 7.62 ne na bindigar FN ko G3. In 39 ne, na AK ne. In kuwa ka tono wani ƙato mai siffar kwalba, tsawo wajen 59, leɓe kusan 19, to ka yi tsintuwa, na Martini-Henry ne, tsohuwar bindigar sojan Ingila. Sauran haruffan da aka fi haɗuwa da su: R da L da kan kibiya a tsakaninsu na gidan makaman gwamnati ne da ke Woolwich, GB na Greenwood da Batley a Leeds, KF na Kirkee a Indiya, OFN kuma namu ne na Kaduna.

Tambaya daga Maraɗi: Me ya sa lambobin harsashi suke da ruɗarwa? Idan biyu duka an rubuta musu 8, ko .303, ba ɗaya ba ne?

Kama da wane ba ta wane. Lambar da ke kan harsashi suna ce, ba awo ba, kuma a nan ne mafi yawan haɗari yake ga mai neman abin da zai sa wa tsohuwar bindiga.

Kowace ƙasa da yadda ta raɗa nata. Amurkawan ƙarni na 19 sukan haɗa faɗin baki da nauyin albarushi: .45-70 na 1873 yana nufin baki inci .45 da baƙin albarushi giren 70. Giren ƙaramin ma'auni ne, 7,000 ne ke cika laba ɗaya, wato giram ɗaya ya ɗara giren 15 kaɗan. Amma a .30-06, 06 ɗin shekarar 1906 ce. Ingilishi kuma sukan faɗi asalin kwanson sannan abin da aka matse wuyansa ya koma: .577/450 kwanson .577 ne da aka tsuke bakinsa zuwa .450. Jamusawa da Faransawa sun fi kowa sauƙi, faɗi sau tsawo a milimita, a ƙara R in yana da leɓe. Duk da haka su ma suna da tarkonsu.

Ɗauki 8x57 na Jamus. Na asali, na 1888, dalmarsa milimita 8.08 ce. A 1905 aka koma mai tsini mai faɗin 8.20, aka ƙara masa S a suna. Kwanson ɗaya ne, ido ba zai raba su ba, kuma sabon yakan iya shiga tsohuwar bindiga. Sai an harba ne dalmar da ta fi ramin bututu faɗi za ta tura matsi sama da abin da ƙarfen ya saba ɗauka. Haka 8 Lebel na Faransa, wanda tsoffin sojojin Nijar da Chadi suka sani: a 1932 aka fito da wani zubi da ke buƙatar a faɗaɗa mazaunin harsashi, kuma bindigar da aka yi wa wannan gyara ana buga mata N a jiki. Wadda ba ta da N ba ta cin sa.

Akwai masu ban dariya ma. Harsashin .38 Special faɗinsa .357 ne, .38-40 kuma .401 ne, .303 Savage na Amurka ba ya da wata dangantaka da .303 na Ingila sai ta suna.

Tambaya daga wani malamin tarihi a Zariya: Na ga ana harba Martini-Henry a intanet, bindigar da ta kai shekara 150. Ina suke samun harsashinta? Yaya ake raya abin da ya mutu?

Malam, wannan ce tambayar da ta fi nama, bari mu zauna a kanta.

Sojan Ingila ya karɓi Martini-Henry a 1871. Harsashinta na ainihi dalma ce giren 480, wajen giram 31, an gauraya kashi 12 na dalma da kashi 1 na kuza, an naɗe ta da takarda, a kan baƙin albarushi giren 85. Tsakaninsu akwai faifan kwali da dunƙulen kakin zuma, wanda aikinsa shi ne tausasa tokar da ke maƙalewa cikin bututu. Kwanson farko ba zubi ba ne, siririn fallen tagulla ne aka naɗe kamar tabarma aka kafa a kan faifan ƙarfe. In bindiga ta yi zafi sai fallen ya manne, maƙatar da ke zaro kwanso ta fizge gindin ta bar sauran a ciki. Ƙorafin da ya biyo bayan yaƙin Sudan na 1885 shi ya sa aka koma kwanso mai jiki ɗaya. Wannan tarihin yana da amfani ga mai rayawa, domin saboda wancan kwanso mai lanƙwashewa aka yi mazaunin harsashin Martini da yalwa, kuma da ƙyar ka sami bindiga biyu masu awo ɗaya.

Abin da ya farfaɗo da kasuwar shi ne rumbun makaman masarautar Nepal. A 2003 wasu dillalan Amurka suka sayi abin da ke jibge a wata tsohuwar fada a Kathmandu, bindigogi sama da 50,000, cikinsu har da Martini da Snider masu ɗimbin yawa. Bindiga ta yi arha, harsashi babu, sai mutane suka koma ƙera nasu, abin da dokar Amurka ta yarda da shi.

Ba daga albarushi ake farawa ba, daga awo ne. Da farko ƙwararren mai gyaran bindiga ya duba ƙarfen, ko akwai tsaga, ko tsatsa ta ci rami, ko murfin baya yana kullewa sosai. Daga nan a ɗauki hoton cikin mazaunin harsashi da wani gami mai suna Cerrosafe, wanda yake narkewa tsakanin digiri 70 da 88, ƙasa da tafasar ruwa. Ana toshe bututun da tsumma kaɗan gaba da mazaunin, a zuba, a bari ya daskare. Sirrinsa lokaci ne: cikin rabin awar farko yakan ɗan tsuke, lokacin ne ake turo shi waje, in awa ɗaya ta cika ya koma daidai awon mazaunin, lokacin ne ake aunawa, bayan haka ya ci gaba da kumbura kaɗan-kaɗan. Wanda ya manta da shi a ciki har ya kwana zai sha wuyar fitar da shi, wanda kuma ya auna washegari ya auna ƙarya.

Sai awon ramin bututu. Ana tura dunƙulen dalma mai laushi daga wannan baki zuwa wancan da sandar katako ko ta tagulla, ya fito ɗauke da zanen tsagin da ke ciki. Martini tsagi bakwai gare ta, Lee-Enfield biyar. Tunda adadin mara ne, tudu yana fuskantar kwari, ma'auni mai baki biyu ba zai ba da gaskiya ba, sai da irin mai baki kamar V. Masu yi sukan tarar cewa duk da sunan .450, dalmar da ta dace ta kan kai wajen inci .468. In aka sa ƙarama, iskar wuta takan bi ta gefenta, ta narkar da ita ta shafe bututun, harbi kuma ya watse.

Kwanso shi ne babbar matsala. Kamfanin Bertram na Ostareliya yana yin na tsoffin bindigogi, amma da tsada. Shi ya sa da yawa suke sayen kwanson tagulla na bindigar tsuntsaye mai lamba 24 da CBC na Brazil yake yi, don faɗin gindinsa ya zo kusa, su matse shi a mazubin ƙarfe mataki-mataki har ya yi kafaɗa da wuya. Tagullar kwanso kashi 70 jan ƙarfe ce, 30 tutiya, kuma duk matsawa ƙara mata tauri take yi. Saboda haka ake gasa wuyan zuwa wajen digiri 400 don ya yi laushi. In ba a gasa ba ya tsage, in an wuce kima kafaɗar ta rufta kamar gwangwani. Gindin kuwa ba a bari zafi ya kai gare shi sam, domin taurinsa ne yake tare wuta daga fuskar mai harbi. Man shafawa ma in ya yi yawa yakan bar lotsa a kafaɗa.

Kuskuren da ya fi lalata waɗannan bindigogi shi ne barin sarari tsakanin baƙin albarushi da dalma. Baƙin albarushi yana son a cika a danne. In aka bar gurbi, matsin yakan daki wuri ɗaya ya bar zobe a cikin mazaunin, kwanso ya riƙa maƙalewa har abada. A ganinmu, wanda ya raya harsashi ya kuma nemi ya fi na asali gudu bai fahimci aikin ba. Na asalin yana tafiya wajen mita 410 a daƙiƙa, kuma ƙarfen 1870 bai ƙara ƙarfi don ya tsufa ba.

Tambaya daga wani ɗan bindigar hawan sallah a Katsina: In albarushi ya yi wuya, wasu abokai sukan farke katirij su juye nasa a bindigar toka. Akwai laifi?

Ɗan'uwa, ka hana su, ko da za a yi faɗa. Wannan ita ce gajeriyar hanyar rasa yatsu da ido.

Abu biyu ne mabambanta da suka yi tarayya a suna. Baƙin albarushi yana ci ne da gudunsa kusan iri ɗaya, fiye da rabinsa kuma toka da hayaƙi yake zama. Maras hayaƙi, wanda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a 1884, kusan dukkansa iska yake komawa, kuma gwargwadon yadda aka matse shi gwargwadon saurin cinsa: matsi ya ƙara wuta, wuta ta ƙara matsi. In ka kunna shi a fili zai ci a hankali har ka raina shi, wannan ne yake yaudarar mutane. Mudun da ɗan bindiga ya saba aunawa da shi, in aka cika shi da maras hayaƙi, ya ninka abin da ko bindigar masana'anta za ta iya ɗauka, balle wadda maƙeri ya yi da bututun da ba a taɓa gwada ƙarfinsa ba. Babu wani adadi da za mu ce maka ya yi daidai, kuma gauraya su biyun ba ya rage haɗarin.

Wani abin tarihi: ɗaya daga cikin dalilan da suka sa bindigar toka ta zauna a ƙasarmu har yau shi ne yarjejeniyar Brussels ta 1890, wadda ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogi masu cin harsashi ta baya a yankin da ya haɗa da mu, ta bar musu ta ƙyastu da baƙin albarushi.

Tambaya daga wani maharbi a Jos: Na gaji bindiga mai baki biyu ta Ingila, lamba 12, da lasisinta. Katirij na kasuwa yana shiga lafiya, amma tana dukan kafaɗa fiye da kima, bakin kwanson kuma yana fitowa a yage.

Baba, ka dakata da harba ta. Alamun da ka faɗa na gajeren mazauni ne. Yawancin tsoffin bindigogin Ingila an yi su ne don katirij mai inci 2½, wato milimita 65, na kasuwa yanzu kuwa 70 ne ko 76. Tsawon da aka rubuta a kwali na kwanson da ya riga ya buɗe ne bayan harbi. Kafin harbi bakinsa a naɗe yake, shi ya sa mai 70 yake shiga ba gardama. In ya tashi buɗewa sai ya tarar da inda ramin ya fara tsukewa, harsashin ya bi ta ƙuntatacciyar hanya, matsi ya hau. Ga shi kuma katirij mai 70 tun asali an cika shi da ƙarfi fiye da abin da aka gwada tsohuwar bindigar da shi.

Ka cire katakon gaba, ka karya ta, ka ɗaga bututun. A shafaffen wurin da ke ƙarƙashinsu akwai tambarin gidan gwaji na Landan ko na Birmingham. In ka ga 2½, ko 65, ko 1⅛ oz, gajere ne. In 2¾, ko 70, ko 1¼ oz, ya yi. Ka nemi NP ko kalmar NITRO. In babu, da baƙin albarushi kawai aka gwada ta. In jikin bututun yana da zane kamar igiyar ruwa ko murɗaɗɗiyar igiya, irin ƙirar nan ce ta naɗa ƙarfe a dunƙule, tsatsa kan ɓuya a tsakanin naɗin inda ido ba ya kaiwa. Ka rataye bututun da zare ka ƙwanƙwasa da farce: ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa alama ce haɗin yana nan, in ta yi dum to wani wuri ya saki. Masu gyara a Ingila ba sa son kaurin bango ya gaza rabin milimita.

Katirij mai 65 bai mutu ba, kamfanonin Eley da Gamebore da Hull duk suna yi. Sai a nema ta hannun dillali mai rajista. Kada a sa mata mai ƙwayoyin baƙin ƙarfe, na dalma kawai.

Tambaya daga Gashuwa: Mun sami akwatin harsasai a ɗakin marigayi kakanmu, tsohon soja. Wasu wuyansu ya tsage. Suna da rai har yanzu?

A ɗauka suna da rai. Harsashin da ya shekara 80 yana iya tashi, kuma wanda ya lalace ya fi mai lafiya haɗari, tunda ba a san abin da zai yi ba. Wani in kunama ta sare shi sai ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya tashi, shi ya sa ƙa'ida ita ce a bar bakin bindiga yana kallon inda ba kowa na aƙalla daƙiƙa 30 kafin a buɗe. Wani kuma makunnin gindinsa kaɗai ke tashi, ya tura dalma ta tsaya a tsakiyar bututu, na biye ya zo ya fasa.

Tsagar wuyan nan tana da labari. Sojojin Ingila a Indiya sun lura harsasansu suna tsagewa bayan damina, ba a gane dalili ba sai 1921: a barga ake ajiye su, tururin fitsarin dawaki yana cin tagullar da ke a matse. Don haka kusa da turken awaki, ko akurki, ko buhun takin zamani, nan ne mafi munin wurin ajiya. Albarushi maras hayaƙi kuma zafi ne abokin gabansa. Akwai wani sinadari da ake sa masa don ya hana shi ruɓewa, zafi yana cinye shi, kuma ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu a Yobe ba ƙaramin zafi ba ne. In ya fara lalacewa za a ji wari mai hawa hanci, a ga jan gari kamar tsatsa, ko kore a jikin kwanso.

Kada a jefa su a wuta, ko a masai, ko a ba masu gwangwan, kada kuma yara su fasa su don tagulla. A bar su inda suke, a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda, suna da sashen kwance bam. In akwai wani abu a akwatin da ya fi babban yatsa kauri, ko mai fiffike, ko mai zobe, kada ma a taɓa akwatin.

Tambaya daga Mai Wurno, Sudan: Na ji an ce an taɓa haramta wani harsashi a Sudan, daga baya harsasan farautar giwa suka ɓace, suka kuma dawo. Mene ne gaskiyar?

Gaisuwa ga zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan Burmi. Gaskiya ne. Wajen 1907 Ingilishi suka hana shigo da harsashi mai baki .450 Indiya da Sudan, don kada masu tawaye su sami abin da za su ciyar da Martini da ke hannunsu. A lokacin .450 Nitro Express ne harsashin manyan dawa, sai maƙeran Landan suka yi ta fito da masu kewaye dokar: .465, .470, .475, duk ƙarfi kusan ɗaya, faɗi ne kawai ya ɗan bambanta.

Kusan dukkansu Kynoch ne yake cika su. Da ya daina wajen 1970, bindigogi masu tsadar gaske suka zama sanduna. Masu .416 Rigby, harsashin 1911, sai da suka koma sayen kwanson .378 Weatherby suna fere ɗamarar gindinsa a injin juyi. A 1989 kamfanin Federal na Amurka ya fara cika .416 Rigby da .470, daga baya Norma da Hornady suka shigo, aka kuma farfaɗo da sunan Kynoch a Ingila.

Wahalar ita ce kodayit, albarushin nan mai kama da taliya, an daina yin sa. Dole a nemi na zamani da zai ba da gudu iri ɗaya. A bindiga mai baki biyu wannan ba ado ba ne: an haɗa bututun biyu ne da zafi don su sari wuri ɗaya da nauyi ɗaya da gudu ɗaya. In gudun ya canja, harbin dama da na hagu su rabu ko su gitta juna. Kodayit kuma matsinsa yana hawa a zafi, shi ya sa aka yi wa Rigby ƙaton kwanso mai ƙarancin matsi. Iyakar matsinsa a ma'aunin Turai bar 3,250 ce, alhali .416 Remington na 1988, mai gudu iri ɗaya a ƙaramin kwanso, yana kai wa 4,300.

Tambaya daga wani ɗalibi a Kano: In na sami kayan aikin, zan iya yin wannan a gida?

A'a. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda yake ba da lasisinsu, da na ɗurawa ta baki irin bindigar toka, da suke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Riƙe harsashi sai mai lasisin bindigar da ke cin sa, ƙerawa ko haɗawa kuwa ba a yarda wa mutum a gidansa ba. Tsufan harsashi ba ya fitar da shi daga doka.

Ko a Ingila sassaucin ya ja baya. Da ana barin mutum ya ajiye tsohuwar bindiga ba lasisi in harsashinta ya ɓace daga kasuwa. Sai aka kama wani dillali a Gloucestershire yana cika irin waɗannan harsasai yana sayar wa 'yan daba, aka ɗaure shi shekara 30 a 2017. A 2021 aka cire harsasai bakwai daga jerin waɗanda ake ɗauka sun ɓace, har da .44 Russian da .442 Webley. Mai sha'awa a nan, fagensa karanta tambarin gindi ne da awo da tarihi, kuma fage ne da ba a cika shi ba.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar gidan tarihi: Muna da kwansuna da dalma a akwatin nuni. Tagullar tana yin kore, dalmar tana fari. Mu goge da man goge tagulla?

Hajiya, kada ku goge. Yawancin man goge tagulla yana ɗauke da amoniya, abin nan dai da ke cikin fitsarin doki, kuma gugar tana cinye tambarin gindi, wanda shi ne darajar abin. Da farko a tabbatar jami'an tsaro sun duba cewa babu mai rai a ciki. Koren da ke tasowa kamar kaki yawanci daga fata yake, in an bar kwanso cikin ɗamarar harsashi. A raba su, a nuna kowanne daban. Farin garin da ke kan dalma kuwa daga tururin katako ne da gam da sabon fenti, kuma guba ne, a sa safar hannu, kada a hura shi da baki. A share ƙura da burushi mai laushi, a goge da auduga da ɗan sifirit, a bari ya bushe, a shafa siririn kaki irin Renaissance Wax. Akwatin ya zama na gilashi da ƙarfe, a sa ƙunshin ƙwayoyin nan masu shan laima a kusurwa, a riƙa canja su daga Yuni zuwa Satumba. Lambar kaya a rubuta ta a takarda a ɗaura da zare, ba a jikin tagullar ba, a kuma rubuta gonar ko gidan da aka samo shi da ranar da aka kawo.